Waiwaye: wanda ya bar sigari ya koma tabar lantarki, dole ne ya rage nikotin?

Tun da ƴan sandunan nan masu kala-kala da ake ce ma paf, wato tabar lantarki, suka fara yawo a hannun samarin Damagaram, akwai gardama guda da take ta dawowa a fada, musamman tsakanin waɗanda suka daɗe suna shan sigari kuma suka samu suka aje ta ta hanyar wannan abin. Wani ya ce tunda ka bar kara to ka yi maza ka rage ƙarfin nikotin ɗin har ka kai sifili, in ba haka ba ai ba ka bar komi ba. Wani ya ce a'a ku ƙyale mutum da abin da ya raba shi da taba, kar ku taɓa mishi. Kowa da ƴar gaskiyarshi a ciki, amma gardamar nan ta girmi tabar lantarkin kanta da kusan shekara talatin, kuma in ba a san inda ta samo asali ba sai a yi ta ba mutane shawarar da za ta maida su gun mai tebur neman kara da ashana.

A 1950 ne wasu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fito da binciken da ya nuna alaƙar shan sigari da kansar huhu. Daga nan likitoci suka shiga tambayar to mene ne a cikin tabar yake kisa? Amsar da ta fi tasiri ta fito daga wani likita a Landan mai suna Michael Russell a 1976, wanda ya ce mutane don nikotin suke shan taba amma kwalta, wato baƙin dattin da ke cikin hayaƙin, ita ce take kashe su. Wato nikotin shi ne yake riƙe mutum ya kasa bari, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa ya isa ƙwaƙwalwa, bayan kamar awa biyu rabinshi ya fita daga jini sai jiki ya fara neman wani. Amma ɓarnar huhu da kansa daga ƙonewar ganyen suke zuwa, hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7000, wajen 70 daga ciki an san suna sa kansa, ga kuma kabon monoksaid, iskar nan da take kashe mutane in an kwana da gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi. Duk gardamar yau a kan wannan rabewar take zaune.

Tun kafin maganar Russell ma mutanen Suwidin sun fara gwada raba biyun. Sojojin ruwansu da ke aiki cikin jiragen ƙarƙashin teku ba su da halin kunna taba, to daga matsalarsu wani masanin haɗa magunguna Ove Fernö ya ƙirƙiro cingam mai nikotin, wanda aka fara saidawa da sunan Nicorette a 1978. A farkon shekarun 1990 kuma filastar nikotin da ake liƙawa a fata ta shigo. To a nan ne aka haifi tunanin saukowa mataki-mataki, don filastar da tsarinta take zuwa, ka fara da mai miligiram 21, bayan wasu makonni ka koma 14, sannan 7, cikin wata biyu zuwa uku an gama. Magani ne, yana da ranar farawa da ranar gamawa. Duk wanda ka ji yana cewa dole a rage a kai sifili, daga wannan makarantar maganar tashi ta fito ko da shi bai sani ba.

Akwai kuma wani darasi mai ɗaci daga zamanin da ya kamata a riƙe. A shekarun 1970 kamfanonin taba suka cika kasuwa da sigarin da suka ce mai sauƙi ne, mai ƙarancin nikotin da kwalta, sun yi ma filta ƙananan huji don iska ta gauraya da hayaƙin, in aka sa a na'urar awo sai lamba ta fito ƙasa. Amma mutum ba na'ura ba ne. Masu sha suka riƙa zuƙa da ƙarfi, suna riƙe hayaƙin a ƙirji, suna toshe hujin da yatsa ko leɓe ba tare da sun lura ba, wasu suka ƙara yawan karan da suke sha a yini, ƙarshe dai cutar ba ta ragu ba. Jikin da ya saba da wani adadi na nikotin sai ya nemo shi ta ko wace hanya. Duk mai shan shayi ya san wannan, wanda ya saba da na farko mai ɗaci in ka miƙa mishi na uku ba zai ce ya ƙoshi ba, kofi huɗu zai shanye da sukarinsu duka.

Ita tabar lantarki irin ta yanzu wani mai haɗa magani ɗan Sin, Hon Lik, ya ƙera ta a 2003, shi kanshi mashayin taba ne sosai kuma kansar huhu ce ta kashe mahaifinshi. Ta fara shiga kasuwar Sin a 2004, wajen 2006 zuwa 2007 ta kai Turai da Amurka. Ba ƙona ganye take ba, batir ne yake ɗumama wani ruwa mai nikotin da ƙamshi ya zama tururi. Masu amfani da ita na farko kusan duk tsofaffin mashaya ne, kuma su da kansu suka kwaikwayi tsarin filasta, ruwan yana zuwa da ƙarfi daban-daban, 24, 18, 12, 6, 3 har 0 miligiram a kowane mililita, sai ya zama abin alfahari mutum ya ce ni na sauko daga 18 yanzu ina kan 3. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a daidai wannan lokacin na'urorin suka ƙara girma da ƙarfin wuta, suna fidda tururi kamar hazo, mutumin da a da yake shan mililita 3 na ruwa mai 18 a yini ya koma shan mililita 10 na mai 6. Yi lissafin da kanka, 54 ne da 60. Lambar jikin kwalba ta sauka, nikotin bai ragu ba, ruwan da ya bi ta huhu kuwa ya ninka fiye da sau uku.

A 2018 wata mai bincike a Landan, Lynne Dawkins, da abokan aikinta suka gwada wannan a kan mutum 20 da suka saba da tabar lantarki, suka riƙa ba su ruwa mai 18 wani lokaci, mai 6 wani lokaci. Da aka ba su mai 6 sai suka ƙara yawan zuƙa da tsawonta, suka ƙara shan ruwan, duk da haka ƙwawar ba ta kwanta musu kamar da ba, kuma alamu sun nuna suna ƙara shaƙar fomaldehaid, ɗaya daga cikin abubuwa masu cutarwa da ke fita in ruwan ya yi zafi. Mutum 20 ba yawa ba ne, amma abin da ya fito ya yi daidai da abin da aka gani da sigari mai sauƙi shekara arba'in baya, shi ya sa nake ɗaukar shi da muhimmanci.

Can Amurka kuma labarin ta wani gefen ya bi. A 2015 Juul ta fito da ruwa mai gishirin nikotin, an haɗa shi da wani asid da yake sa bai ƙarce maƙoshi, don haka aka iya kai ƙarfinshi 59 miligiram a mililita mutum ya zuƙa ba tari. Ƴan makarantar da ba su taɓa kunna sigari ba suka kamu da yawa, abin ya zama babbar magana a ƙasar. Tarayyar Turai ita ta sa iyaka, tun 2016 ba a saida ruwan da ya wuce 20 miligiram a mililita. Paf ɗin da ake sha a yar daga wannan zuriyar ta gishirin nikotin suka fito, Faransa ta hana saida su a Fabrairun 2025, Ingila ta bi baya ranar 1 ga Yuni na shekarar.

Su kansu manyan hukumomi bakinsu bai zo ɗaya ba. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce a 2015 tabar lantarki ta fi sigari ƙarancin cutarwa da kamar kashi 95 cikin 100, lambar da har yau ake jayayya a kanta. A 2019 Peter Hajek ya jagoranci gwaji da mutum 886 masu son barin taba, bayan shekara guda kashi 18 na waɗanda aka ba tabar lantarki sun bar sigari, na ɓangaren cingam da filasta kashi 9.9. Amma ga inda gardamarmu take, cikin waɗanda suka bari da tabar lantarki kashi 80 suna nan suna zuƙarta bayan shekarar, na filasta da cingam kuwa kashi 9 ne kawai suke ci gaba da nasu. Ta fi raba mutum da sigari, amma ba ta cika sakin shi ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, kuma a ƙarshen 2023 ta yi kira ga ƙasashe su tsaurara a kanta saboda yara, ta ce ba abu ne marar cutarwa ba. Shawarar da likitocin Ingila suke ba mutanensu a tsakiya take, ka yi amfani da ita tsawon lokacin da zai hana ka koma ma sigari, in ka tabbata ka tsaya da ƙafarka sai ka fara ragewa a hankali.

Mu a nan dokarmu ta yaƙi da taba ta 15 ga Mayu 2006 ce, bayan Nijar ta shiga yarjejeniyar OMS kan taba, an rubuta ta lokacin da wannan na'ura ko Turai ba ta gama kaiwa ba. Abin da yake shigo mana ta Kano da Dubai galibi paf ne na sha a yar, ka ɗauki kwalin ka duba gefe, can ƙasa da ƙaramin rubutu za ka ga 5%, a sama kuma da manyan lambobi an rubuta yawan zuƙar da zai yi da hoton mangwaro ko kankana. Wannan 5% ɗin miligiram 50 ne a mililita, ninki biyu da rabi na iyakar Turai. Mai 2% shi ne 20. Mai saidawa sau da yawa ɗanɗano kawai zai tambaye ka, wanne kake so, mangwaro ko na'a-na'a.

Akwai wani ɗan kabu-kabu a unguwarmu da ya daɗe yana shan kwali guda a yini, ya koma paf ya yi watanni bai taɓa kara ba, tarin asuba ya lafa, matarshi ta daina ƙorafin wari a kayanshi. Sai yayanshi ya sa shi gaba, kai wane wannan abin ma ai taba ce, ka yar da shi gaba ɗaya mu san ka bari. Don girman yaya ya yar rana guda. Kwanakin farko kai na ciwo, barci ya ƙi, yana ta faɗa da fasinja kan dala biyar, ba a rufa sati ba na gan shi bakin tasha a tsaye gun mai tebur ya karkata kai yana kare ashana da tafin hannu. Yayan da kyakkyawar niyya ya yi magana, ba na zarginshi ko kaɗan, amma abin ya yi min ciwo sosai don na ga yadda mutumin nan ya wahala kafin ya kai inda ya kai. Ƙwawar nikotin a satin farko ta fi tsanani, tana ɗaukar sati biyu zuwa huɗu kafin ta lafa, kuma a wannan tsakanin kara guda yana nan kowace kusurwa da ƴan canji.

Ni ra'ayina a sauka, kuma a yi niyyar fita gaba ɗaya, don nikotin ba ruwan sanyi ba ne, yana ƙara bugun zuciya, yana ɗaga jini na ɗan lokaci, yana cutar da ɗan da ke ciki, kuma tururin da kanshi ba don huhu aka yi shi ba, ga kuɗin da yake ci kowane sati. Amma a bar mutum ya yi watanni tukuna sigari ta fita daga ranshi, har ya iya zama a fada wani ya kunna a gefenshi bai ji komi ba. Sannan ya sauka mataki guda, daga 5% zuwa 2% in ya samu, ko na'urar da ake zuba ma ruwa inda akwai 18 da 12 da 6, ya zauna a kai wasu makonni. Ma'aunin shi ne ya lura da kwana nawa paf guda ko kwalba guda take yi mishi. In da tana sati yanzu ta koma kwana uku to bai rage komi ba, ya sauko da wuri, ya koma matakin baya ba abin kunya ba ne. Wanda bai samu mai ƙaramin ƙarfi ba yana iya rage lokutan, ya daina kwana da shi ƙarƙashin matashi, ya bar shi gida in zai fita aiki, kuma azumi ya riga ya nuna ma da yawa cewa suna iya yini cur ba zuƙa, hatsarin dai a bayan shan ruwa yake inda ake rama na yinin duka cikin awa guda.

Duk wannan maganar ta tsofaffin mashaya ce. Yaron da bai taɓa shan sigari ba ya ɗauki paf mai 5% don ƙamshin mangwaro, shi babu wani abu da ake cetonshi daga gare shi, ƙwaƙwalwa tana ci gaba da ginuwa har wajen shekara 25 kuma nikotin ya fi saurin kama ta a wannan lokacin, nashi a taimaka mishi ya bari tun yanzu. Mace mai ciki da mai hawan jini ko ciwon zuciya su kuma kar su yi wannan lissafin a fada, su je likita su faɗi gaskiyar abin da suke sha, su tafi da kwalin a hannu don a ga lambar da ke jiki, su kuma tambaya a farmasi ko ana samun cingam ko filastar nikotin da za a tsara musu saukowa da su.