Firaminista a Ƙagaggiyar Masarauta: Wa Ke Riƙe da Akala?

Marubucin da ya ƙirƙiri masarauta mai bin tsarin mulki a cikin labarinsa yakan rasa inda zai ajiye firaminista, shi ya sa aka ɗauko waɗannan amsoshi daga yadda irin waɗannan ƙasashe ke gudana a zahiri.

Mene ne aikin firaminista, alhali ga sarki a kan karaga?

Sarki shi ne shugaban ƙasa, firaminista kuwa shugaban gwamnati. Shi ke zaɓen ministoci, ya jagoranci majalisar zartarwa, gwamnatinsa ta kai kasafin kuɗi gaban majalisar dokoki, kuma a kansa laifi ke sauka idan al'amura suka taɓarɓare.

Wa ke naɗa shi?

A nan marubuci yake da zaɓi. A Birtaniya sarki ne ke naɗawa, amma ba wanda ransa ya so ba, sai wanda zai iya samun goyon bayan mafi rinjaye a majalisar wakilai. A Japan majalisa ce ke zaɓa, sarki ya tabbatar, kamar yadda tsarin mulkin 1947 ya tanada. Suwidin ta wuce nan, domin tun 1975 kakakin majalisa ne ke gabatar da sunan, babu hannun sarki ko kaɗan. A Maroko kuwa, inda sarki ke da iko na gaske, tsarin mulkin 2011 ya wajabta masa ɗauko shugaban gwamnati daga jam'iyyar da ta zo ta ɗaya a zaɓe.

Shin sarki zai iya tuɓe shi?

A rubuce, wasu ƙasashe sun bar masa wannan iko, amma takobi ne da ya yi tsatsa a kube. Rabon da wani sarkin Birtaniya ya kori firaminista tun 1834. Wadda ke tuɓe shi ita ce majalisa, ko kuma jam'iyyarsa. A 1979 gwamnatin firaministan Birtaniya James Callaghan ta faɗi a ƙuri'ar rashin amincewa da ratar ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310. A ganina, marubucin da ya sa sarki yana korar firaminista duk lokacin da ya ga dama, to mulkin gargajiya ya rubuta, ya lulluɓe shi da rigar tsarin mulki.

To, idan suka saɓa fa?

Nan ne labari yake da maiƙo. A 1990 majalisar Beljiyam ta zartar da dokar da ta sassauta hukuncin zubar da ciki, Sarki Baudouin ya ce imaninsa ba zai bar shi ya sa mata hannu ba. Bai hana dokar ba, gwamnati ma ba ta tilasta masa ba. Firaminista Wilfried Martens da ministocinsa suka ayyana cewa sarki ba ya cikin halin iya mulki, suka sa wa dokar hannu da kansu, sannan majalisa ta zauna ta mayar masa da ikonsa, duka cikin ƙasa da kwana biyu.