Goge huɗu a filin Allah: tambayoyi da amsoshi kan kiɗan 'yan huɗu a bukukuwan bazara

Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta, manyan zaurukan kiɗa na Turai da Amurka sukan yi tsit. Makaɗa sun kwashi kayansu sun nufi ƙauyuka da tsaunuka da lambuna, inda ake bukukuwan kiɗa na bazara. A jerin wasannin da ake shiryawa, da wuya a rasa maraicen da aka ware wa mutum huɗu kacal, kowa da gogensa. Wanda bai saba ba yakan zo da tambayoyi, kuma tambayoyin suna kan hanya.

Su wa ke cikin huɗun nan, kuma me kowa ke riƙe da shi?

Kayan kiɗa huɗu ne 'yan gida ɗaya, duk dangin goge: bayolin biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya. Kowanne tsirkiyarsa huɗu, ka ga 16 ke nan a dunƙule. Bayolin shi ne ƙarami, ana ɗora shi a kafaɗa a tokare da haɓa, muryarsa siririya ce mai kaifi. Biyola ta ɗara shi girma kaɗan, muryarta ta fi kauri, da ɗan dishi-dishi mai daɗi. Celo kuwa a zaune ake kaɗa shi, a tsakanin gwiwoyi, da ƙusar ƙarfe a gindinsa wadda ke cake a ƙasa. Duka ana goga su da sanda mai izgar doki, wadda ake shafa wa busasshen ƙaron itace don ta kama tsirkiya.

Mai bayolin na farko yakan ja gaba, celo ya riƙe gindin kiɗan. Amma masu tsakiyar nan biyu, bayolin na biyu da biyola, su ne cikin kiɗan, kuma su ne kunnen baƙo ke fara tsallakewa.

Wa ya fara haɗa su haka?

Joseph Haydn, marubucin kiɗa ɗan Ostiriya da ya rayu daga 1732 zuwa 1809, shi ake kira uban wannan salo. Tun yana saurayi, a shekarun 1750, wani basarake mai suna Fürnberg yakan gayyace shi gidansa na ƙauye a Weinzierl. Makaɗan da ke wurin su huɗu ne: limamin cocin yankin, mai kula da gidan, wani mai celo, sai Haydn kansa. Ya rubuta musu abin da za su iya kaɗawa tare, abin ya karɓu, bai kuma daina ba sai da ya bar guda 68. Mozart ya koyi salon daga gare shi, har ya sadaukar masa da guda shida da aka buga a 1785. Beethoven ya rubuta 16, na ƙarshensu a 1825 da 1826, lokacin da kurumta ta riga ta rufe masa kunne. A ƙarni na 20 Bartók ya yi shida, Shostakovich ya yi 15.

Ba su da jagora mai sanda a gabansu. Ta yaya ba sa sarƙewa?

Da ido da numfashi. In ka samu wuri kusa, ka dubi daƙiƙar da ke gaban sautin farko. Mai bayolin na farko zai ɗan ɗaga kan gogensa, ya ja numfashi ta hanci yadda sauran za su ji, su ma su ja tare da shi, sanduna huɗu su sauka a lokaci guda. A tsakiyar kiɗa za ka ga mai biyola ta karkato da kafaɗa wajen mai celo domin su biyun ne ke ɗauke da bugun a wannan gaɓa, ko mai bayolin na biyu ya ɗaga gira don ya ce yanzu nasa ne. Jagoranci yawo yake tsakaninsu, ba na mutum ɗaya ba ne.

Marubucin Jamus, Goethe, ya rubuta a wata wasiƙa a 1829 cewa sauraron irin wannan kiɗa jin hirar mutum huɗu ne masu hankali. Maganarsa ta zauna daidai. Ɗaya ya kawo zance, wani ya amsa, na uku ya musa, na huɗu ya sasanta. Kowace murya mutum ɗaya ne tak ke ɗauke da ita, babu wanda zai fake a bayan wani kamar yadda ake iya yi a babbar ƙungiyar makaɗa mai mutum 80. Shi ya sa rukuni mai kyau yakan shafe shekaru, wani lokaci gomiya biyu ko uku, mutanen nan huɗu suna atisaye tare kusan kullum.

To in hira ce ta cikin ɗaki, me ya kai ta waje?

Tambayar ke nan da ta fi kowacce nauyi. Gaskiya don ɗaki aka yi kiɗan nan, ɗakin ma ba babba ba. A zamanin Haydn da Mozart ana kiɗan dare a waje, a lambuna da ƙofar gidaje a biranen Biyana da Salzburg, amma galibi an fi dogara da kayan busa, saboda su ne muryarsu ke kai nesa a sarari.

Abin da ya fito da 'yan huɗu waje shi ne bukukuwan bazara. Ravinia, kusa da Shikago, an buɗe shi a 1904. Tanglewood, a garin Lenox na jihar Massachusetts, ya zama gidan bazara na ƙungiyar makaɗan Boston tun 1937. Na Aspen, a tsaunukan Colorado, ya fara a 1949 a cikin tanti. A wuraren nan akwai kujeru a ƙarƙashin rumfa, sannan ga fili shimfiɗe da ciyawa a baya, inda tikiti ya fi araha, mutane su zo da barguna da 'ya'yansu su baje. Mutumin da bai taɓa taka zauren kiɗa ba, wanda kwarjinin wurin da tsadarsa suka hana shi, a kan ciyawar nan yake fara jin Haydn. A ganina wannan kaɗai ya isa hujja. Sai dai akwai abin da ake rasawa, kuma bai kamata a ɓoye shi ba.

Me ake rasawa?

Bango. A cikin zaure, mafi yawan abin da ke shiga kunnenka ba kai tsaye ya fito daga gogen ba. Sautin ya bugi bango da rufi da daɓen katako ya dawo, ya haɗu da na bayansa, sai muryoyi huɗun su narke cikin juna su yi kauri. A zauren da aka gina don irin wannan kiɗa, sauti yakan ɗauki kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya mutu. A fili babu abin da zai dawo da shi. Ya fita, ya tafi ke nan. Ciyawa ma shanye shi take yi, iska kuma ta karkatar da ragowar.

Lissafin ba ya da sassauci: duk lokacin da nisanka ya ninka, ƙarfin sautin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, wato ya ragu da desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. Wanda ke zaune mita 40 daga dandamali yana samun kashi ɗaya cikin 64 na abin da mai mita 5 ke samu. Kuma ba dukkan muryoyin ne ke shan wahala daidai ba. Bayolin na farko yakan ratsa ya iso. Celo yakan rame, domin kaurinsa na bukatar daɓe da bango su tallafe shi. Biyola da bayolin na biyu su ne ke fara ɓacewa, sai hirar mutum huɗu ta koma jawabin mutum ɗaya da ƴan rakiya.

Su kansu makaɗan abin ya fi cin su. Sun saba jin juna ta amsa-kuwwar ɗaki, yanzu mai celo yana jin kansa ne kawai, abokin da ke taku biyu daga gare shi kamar yana wata unguwa. Sai hannu ya fara danna sanda fiye da kima don neman ƙara, sautin ya yi kaushi. Don haka ake gina musu rumfa mai bango uku da rufi mai gangara, ta katako, ta mayar musu da sautinsu ta kuma tura shi gaba. Tanglewood sun sami mafita mai kyau a 1994 da zauren Seiji Ozawa, mai kujeru kusan 1,200: ginin zaure ne sosai, amma bangon bayansa buɗewa yake yi ya fuskanci tudun ciyawa. Makaɗa suna da ɗakinsu, na waje kuma suna gani suna ji.

Sa makirufo da lasifika ba ha'inci ba ne?

Ba ha'inci ba ne, larura ce, kuma kusan duk babban fili ana yi. Matsalar tana ga hannun da ke juya na'urar. Makaɗan nan sun yi watanni suna daidaita wa zai ɗaga murya, wa zai sassauta, sai ga shi hukuncin ya koma wurin injiniyan sauti. Gwani yakan ƙara kaɗan ne kawai, har ka manta da lasifikar. Wanda bai ƙware ba yakan daidaita komai wuri ɗaya, raɗa da tsawa su zama tsayi guda, alhali rabin daɗin kiɗan nan yana wurin da aka yi ƙasa-ƙasa da shi har sai ka miƙa wuya. Shawarata, in da hali, ka je da wuri ka zauna inda za ka ji katakon da kansa kana kuma ganin fuskokinsu.

Zafi da laima ba sa lalata kayan?

Suna yi, kuma makaɗa ba sa wasa da wannan. Gogen nan siririn katako ne da aka haɗa da gam na fatar dabba. Rana in ta buge shi kai tsaye, man ƙyallin jikinsa yakan yi laushi, gam ya saki. Laima tana kumbura katako, ta sa izgar sanda ta miƙe ta yi sako-sako, turken murɗa tsirkiya kuma ya cije ya ƙi juyawa. Da rana ta faɗi iska ta yi sanyi, sai saitin ya sake gocewa. Shi ya sa za ka ga suna tsayawa tsakanin babi da babi na kiɗan suna murɗe-murɗe, kunne a jikin goge, fiye da yadda suke yi a zaure.

Wasu kayan kuma dukiya ne ta gaske. Wani bayolin da Antonio Stradivari na garin Cremona a Italiya ya ƙera a 1721 an sayar da shi fam miliyan 9.8 a 2011. Mai irin wannan ba zai fito da shi cikin raɓa ba. Da yawa suna da goge na biyu don wasan waje, wasu ma na roba mai ƙarfi wanda laima ba ta dame shi ba, kuma sukan sa sharaɗi a yarjejeniya cewa dole a ba su inuwa da rufi. Iska ita ma abokiyar gaba ce: a da da maƙalan shanya ake danne takardun kiɗa, yanzu da yawa sun koma kwamfutar hannu, suna juya shafi da ƙafa.

In ruwa ya sauko fa?

In babu rufi, an tashi ke nan, ko a koma cikin gini in akwai. A watan Agustan 1937 hadari mai tsawa ya katse wasa a Tanglewood, lokacin a tanti ake yi. Nan take aka fara tara kuɗi, shekara ta zagayo a 1938 aka buɗe babbar rumfar da ke wurin har yau, mai ɗaukar mutum kusan 5,000.

Yaushe ake tafi?

Kiɗa ɗaya yakan kasu babi huɗu: mai sauri, mai tafiyar hawainiya, mai takun rawa, sai na rufewa mai zafi, duka cikin minti 25 zuwa 40. Al'adar zaure ita ce a jira sai an gama huɗun. A waje an fi sassauci, kuma ban ga laifin wanda daɗi ya kwashe shi ya tafa bayan babin farko ba, a zamanin Mozart ma haka ake yi. Abu ɗaya nake roƙo: bayan babi mai sanyi, a bar shirun ya ɗan zauna. Sandunansu suna sama, ba su sauke ba, to kiɗan bai ƙare ba.

Wane kiɗa ne ya fi jure wa fili?

Wanda waƙarsa ke a bayyane, bugunsa kuma a tsaye. Haydn yana jurewa sosai. Wanda ya fi kowa dacewa a wurina shi ne na Antonín Dvořák, ɗan ƙasar Cek, wanda ake wa laƙabi da na Amurka. A hutun bazara ya rubuta shi, a watan Yunin 1893, a ƙauyen Spillville na jihar Iowa inda 'yan ƙasarsu suka yi kaka-gida, ya kuma kammala cikin kwana 16 ko kusa da haka. Biyola ce ke buɗe shi da waƙar farko, abin da ba a cika yi ba, sannan a babi na uku ya sa kukan wani tsuntsu da ya riƙa ji a can. In tsuntsu na gaske ya tsoma baki daga bishiya, ba abin da ya ɓata.

Na ƙarshen Beethoven kuwa, da na 15 na Shostakovich wanda babinsa shida duk a hankali suke tafiya, waɗannan na ɗaki ne. Akwai wuraren da sautin ke sirancewa har ya kusa yankewa, motar da ta wuce a titi ko kukan yaro ɗaya ya isa ya haɗiye su. Mai shirya biki da ya san aikinsa yakan ajiye su don daren da za a yi wasa a cikin gini, ya ba ciyawa Haydn da Dvořák.