Masu kwana da na'urar numfashi, ga abin da ke cinye maku karan hanci

Salamu alaikum jama'ar Sakkwato. Kwanan baya wani dattijo ya zo wurinmu a asibiti da gyambo bisa karan hanci, ja jawur har ya fara ruwa, na ce Baba mi ya same ka haka, ya ce ai takunkumin na'urar barcin nan ne da yara suka sawo mashi, kuma yau kwana 10 ke nan ya maida ta kwali ya huta. Wallahi abin ya tsaya mani a rai, don mutumen ga yana da hawan jini, ajiye na'urar nan ya fi gyambon hatsari nesa ba kusa ba.

Ga wanda bai sani ba, akwai masu minshari mai ƙarfi da maƙogwaronsu ke rufewa cikin barci, numfashi ya yanke daƙiƙa 10 ko fiye, kuma haka zai ta maimaituwa har asuba, mutum ya tashi da ciwon kai ya wuni yana gyangyaɗi. Na'urar da ake kira sifap ita ke hura iska ta riƙe hanyar a buɗe, wani likitan Ostireliya mai suna Colin Sullivan ya fito da ita a 1981.

To abin da na fi gani yana kawo gyambon shi ne ɗaurin igiyar da ke riƙe takunkumin a fuska. Mutum ya ji iska na zurara ta gefe tana hura mashi ido sai ya ƙara tamke igiyar, gobe ya ƙara, alhali robar nan mai taushi da ke bakin takunkumin an yi ta ne iska ta kumbura ta ta kwanta bisa fata da kanta, in ka matse ta sai ta lanƙwashe, zurarar ta ƙaru, karan hanci kuma da babu tsoka gare shi ya sha wuya. Ka kwanta yadda ka saba kwana, ka kunna na'urar, sannan ka daidaita igiya kaɗan kaɗan, in yatsa ba ya shiga ƙarƙashinta ta yi tsauri. Shaidar da ta bari a fuska ya kamata ta ɓace ba da jimawa ba bayan ka cire, in har hantsi ya yi tana nan akwai gyara.

Sai tsafta. Kun san zafin garin ga, watan Afrilu ya kan wuce digiri 40, zufa da maiƙon fuska su taru a robar, lokacin hunturu kuma ƙura ta hau kai, shi ke kawo ƙuraje da ƙaiƙayi. Kowace safiya a wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu marar turare, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa don ranarmu tana busar da ita ta tsattsage. Dan Allah ban da Hypo, ban da Dettol, ban da omo.

Kai ma ka wanke fuska ta bushe kafin ka sa. Basilin ko man kaɗanya a bari sai da safe, in aka shafa dab da kwanciya takunkumin zamewa yake, basilin kuma na lalata robar. Hajiyoyi masu man bilicin, wannan man yana sa fata ta yi siriri, abu kaɗan sai ta sale, ina roƙonku ku bar shi. Wanda zufa ta yi wa yawa yana iya yanka ƙyallen auduga mai laushi daidai girman robar ya sa tsakani, ya riƙa wankewa kullum.

Robar ma tana tsufa, in ta taurare ko ta yi yauƙi ko launinta ya sauya a canza ta, na san da tsada kuma sai an yi odarta daga nesa amma ba a yi ta don shekara da shekaru ba. In fata ta fashe, ko ta kumbura tana mugunya, musamman mai ciwon suga da miki ba ya saurin warke mashi, kar a tsaya shafe-shafen kemis, a koma wurin likitan da ya rubuta na'urar ko a je asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo, kuma a ɗauko takunkumin a zo da shi mu ga yadda ake ɗaurawa. Akwai irin da ke zama a ƙofar hanci kawai ba ya taɓa karan, shi muka ce yaran Baba su nemo mashi, kafin ya iso kuma mun liƙa mashi bandeji marar kauri bisa wurin ya koma sa na'urarsa.