Kenneth Clark da Gwajin 'Yar Tsana: Tambayoyi da Amsoshi

Wane ne Kenneth Clark?

Masanin halayyar ɗan Adam ne baƙar fata, wanda aka haifa a yankin mashigin ruwan Panama a 1914, mahaifiyarsa kuma ta kawo shi unguwar Harlem ta birnin New York yana yaro ƙarami. Ya yi karatu a Jami'ar Howard, sannan a 1940 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digirin digirgir a wannan fanni daga Jami'ar Columbia. Ya koyar a City College ta New York sama da shekara 30, a 1971 kuma ya shugabanci ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, muƙamin da babu baƙar fatar da ya taɓa riƙewa kafin shi.

Mene ne gwajin 'yar tsana?

Ana zaunar da yaro baƙar fata mai shekara 3 zuwa 7, a ajiye masa 'yan tsana waɗanda komai nasu ɗaya ne in ban da launi, wasu farare wasu masu duhun fata. Sai a ce ya miƙo wadda yake so ya yi wasa da ita, ya nuna mai kyau, ya nuna marar kyau, daga ƙarshe kuma a ce ya miƙo wadda ta yi kama da shi. Yawancin yaran farar suka zaɓa a matsayin mai kyau. Tambayar ƙarshe ce ta fi ciwo, domin yaron da ya gama cewa baƙar ba ta da kyau, yanzu sai ya tsinci kansa dole ya nuna ta a matsayin kamanninsa. Clark ya ba da labarin cewa wasu yaran a nan suke fashewa da kuka su fice daga ɗakin a guje.

Shi kaɗai ya yi wannan aiki?

A'a, kuma a nan ne ake yawan tauye haƙƙin matarsa, Mamie Phipps Clark. Daga binciken da ita ta yi na digiri na biyu a Howard aka sami tushen gwajin, ita ma ta kammala digirin digirgir a Columbia a 1943. A 1946 suka kafa cibiyar Northside a Harlem domin kula da yaran da ke fama da matsalolin tunani da na karatu, ita ce kuma ta ja ragamarta tsawon shekaru.

Yaya binciken ya kai gaban Kotun Ƙoli ta Amurka?

Lauyoyin ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, ƙarƙashin Thurgood Marshall, suna neman hujjar da za ta nuna cewa raba makarantu bisa launin fata yana cutar da yaro ko da gine-ginen sun zo daidai. A 1951 Clark ya je gundumar Clarendon a jihar South Carolina, ya gwada yara 16, ya ba da shaida a kotu. Ranar 17 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati a shari'ar da aka fi sani da Brown, wadda ta haɗa da ƙarar Clarendon, ta kuma ambaci rubutunsa cikin abubuwan da ta dogara da su.

Akwai masu sukar gwajin?

Akwai, kuma sukar tana da nauyi. Alƙaluman ma'auratan da kansu sun nuna cewa yaran jihohin arewa, inda doka ba ta raba makarantu ba, sun fi na kudu karkata ga farar 'yar tsana, abin da ya sa ake tambaya ko makarantar wariya ce sanadin, ko kuwa ƙasƙancin da ya game ƙasar baki ɗaya. A ganina gwajin ya tabbatar da raunin da ke zuciyar yaran, amma bai iya ware wanda ya yi raunin shi kaɗai ba.

Me ya yi bayan nasarar da aka samu a kotu?

Ya juya ga unguwar da ya tashi. A 1962 ya jagoranci kafa shirin HARYOU domin matasan Harlem, sai dai rikici da ɗan majalisa Adam Clayton Powell kan wanda zai riƙe ragamar shirin ya sa ya bar shi. Abin da ya gani a can ne ya zuba cikin littafinsa Dark Ghetto na 1965. A 1966 ya shiga hukumar da ke kula da ilimi a jihar New York. Bai taɓa sauka daga ra'ayin haɗa yara a aji ɗaya ba, har a lokacin da wasu 'yan gwagwarmaya baƙar fata suka koma neman makarantunsu na daban, wanda hakan ya jawo masa zargi daga cikin gida. A ƙarshen rayuwarsa ya sha bayyana takaicinsa cewa makarantun New York na nan a rabe bisa unguwa da talauci. Ya rasu a 2005 yana da shekara 90.