Kada ku toshe bututun nan: magana ga masu kula da kwamfiresar gas

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 hankali ya koma kan gas ɗin mota na CNG. Tashoshi sai buɗewa suke yi, in kuma bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614 ya fara kawo gas, sai abin da ya ƙaru. A irin waɗannan tashoshi akwai kwamfiresa, wato injin da ke matse gas har ƙarfin matsinsa ya kai bar 200 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne), kuma yawanci matasanmu ne ke tsaye a kansa dare da rana. Da ku nake.

Kwanakin baya na je wata tasha duba kayan kariya. Yaron da ke kula da injin ya ja ni gefe yana murmushi, ya nuna mini wani siririn bututu da ya karye a mahaɗa. Wai huci yake yi ya dame su, shi ne ya cusa masa guntun katako ya naɗe da robar tayar keke. Ya ce, "Oga, ka ji yanzu tsit." Nan take na sa aka kashe injin. Ban ga laifinsa sosai ba, babu wanda ya taɓa gaya masa aikin bututun.

Ku tuna famfon keke. Sanda ce ke shiga tana fita tana tura iska. Haka kwamfiresa take: rodi ne ke kai fistin yana dawo da shi cikin silinda, sau ɗaruruwa a minti guda. Ƙofar da rodin ke bi ya fita daga silinda, nan gas ke neman hanyar tsira. Shi ya sa ake jera wasu zobba a wurin, waɗanda makanikai ke kira fakin, kowanne cikin ɗan kofinsa, sifirin na riƙe da su, ƙarfin gas ɗin kuma na ƙara matse su a jikin rodi. To amma rodi motsi yake, ba yadda za a yi a rufe ruf. Ko sabon fakin yana ɗan yoyo, kuma masu ƙera injin sun san da haka, shi ya sa suka yi wa wannan gas ɗin bututu, irin wanda yaron nan ya toshe, ya fita da shi can saman rufi. In ka toshe shi, yoyon bai tsaya ba. Gas ɗin zai cika ɗakin da ke tsakanin silinda da gidan karanshaf, wato ƙarfen da ke juyawa yana tura rodi, ya kutsa cikin baƙin mai, ko ya taru a cikin akwatin injin. Gas ɗin nan, wato mitan, da ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce sabon fakin da aka ɗaura daidai yana zubar da kamar ƙafa kubik 11 zuwa 12 a awa, amma an taɓa auna 900 a jikin rodi guda da ya lalace. Dokar da suka fitar a 2012 ta ce a canja fakin duk awa 26,000 na aiki ko wata 36. A nan, da ƙurar hunturu da jabun kayan gyara, ni ba zan jira lissafin kalanda ba. Datti, ƙarancin mai, zafi, ruwa a cikin gas, rodi da ya karce ko ya karkace, duk suna cinye zobba tun kafin lokaci. Sa sabbin zobba a kan karcaccen rodi kuwa zubar da kuɗi ne kawai.

Kada ku dogara da hanci. Mitan ba shi da wari sai an zuba masa sinadarin wari, hanci kuma in ya saba sai ya daina ji. Ku auna bakin bututun da na'ura, ku rubuta a littafi, ku kwatanta da na makon jiya. In lamba na hawa, ko gidan fakin ya yi zafi fiye da yadda aka saba, ko baƙin mai ya soma warin gas, a kira injiniya. Mahaɗan bututu kuma ruwan kumfar sabulu ya isa ya tona su. Ashana ko leta, kul!

Wani abin da ake mantawa: injin da aka kashe alhali gas na matse a cikinsa yana ci gaba da yoyo, wani lokaci ma fiye da yana aiki. Shirunsa ba ya nufin a zauna kusa a kunna sigari ko a jona cajar waya. Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, a rufe bawul na shiga da na fita, a sauke gas ɗin, a kashe wuta daga babban makunni a sa kwaɗo, makullin kuma ya zauna a aljihun mai gyaran.