Ƙa'idar SMB da raba fayiloli a ofis

SMB ita ce ƙa'idar da ke ba kwamfutar tebur damar buɗe fayil da ke kan uwar garke, wato babbar kwamfutar ofis, tamkar a cikinta yake. An ƙirƙiro ta a kamfanin IBM a 1983, sannan Microsoft ya bunƙasa ta. SMB2 ta zo tare da Windows Vista, SMB3 kuma a 2012, ita ce ta kawo ɓoye bayanai yayin da suke tafiya tsakanin kwamfutoci. SMB tana bi ta ƙofa (port) ta 445, wato lambar mashigar da saƙonninta ke shiga kwamfuta. A Linux, manhajar Samba ke ɗaukar aikin.

Farkon saiti shi ne a ba uwar garke adireshi tsayayye, misali 192.168.1.10, a wajen jerin adireshin da rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis, ke rabawa. Wannan ya fi kome muhimmanci a Zariya. Ofis a Sabon Gari ko shagon buga takardu a Samaru kan sha ɗaukewar wuta, kuma idan rauta ta sake tashi tana iya sauya adireshin, sai folda ta ɓace wa kowa alhali babu abin da ya lalace. Daga nan a buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa da kalmar sirri, a buɗe ƙofa ta 445 ga cikin ofis kaɗai. Barin ta a buɗe ga intanet ganganci ne. Idan sunan foldar da aka raba Takardu ne, a kwamfutar ma'aikaci sai a rubuta \\192.168.1.10\Takardu.

Izini hawa biyu ne a Windows: na rabawa da na NTFS, wato tsarin adana fayiloli na Windows. Wanda ya fi tsauri shi ke aiki, shi ya sa mutum kan ga fayil amma ya kasa gyara shi.

Akwai matsalar da ke rikita masu gyara. Inda ake amfani da Kerberos, wato tsarin tantance mai shiga, idan agogon kwamfuta ya saɓa da na uwar garke fiye da minti 5, ba za a karɓi kalmar sirri ba ko da daidai take. Sau da yawa ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe agogo ne ya mutu a tsohuwar kwamfuta. 

Tsofaffin injinan sikana wasunsu SMB1, wato tsohuwar sigar farko, kaɗai suka sani, sai a ga an kunna ta don a huta. Ta raunin SMB1 ɗin nan WannaCry, mugun shirin da ke kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, ya bazu a watan Mayun 2017. Gara a sabunta manhajar injin, ko a sa shi ya riƙa tura takardu ta imel.