Teriyaki

Teriyaki wata hanya ce ta gasa kifi ko nama a ƙasar Japan, inda ake shafa masa romo mai zaƙi da gishiri yana kan wuta, har romon ya daskare a jikinsa ya riƙa ƙyalli. Romon asali abu uku ne: shoyu, wato baƙin ruwan ɗanɗano da ake tsimawa daga waken soya da alkama da gishiri, mirin, wani ruwan shinkafa mai zaƙi da ke ɗauke da barasa, sai sukari. Wasu kan ƙara sake, giyar shinkafa ta Japan. A can gida kifi aka fi yi wa wannan gashi, musamman nau'o'in kifin da ake kira buri da saba da salmon, amma a ƙasashen Yamma kaza ce ta fi shahara.

Tarihi

Ana kyautata zaton salon ya kafu ne a zamanin Edo (1603 zuwa 1868), lokacin da shoyu ya wadatu a birane. Garuruwan Choshi da Noda, da ke lardin Chiba a yau, sun zama cibiyoyin haɗa shi, suna aika shi ta kogi zuwa birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo. Kamfanin Yamasa na Choshi yana danganta kafuwarsa da shekarar 1645. Mirin kuwa da farko abin sha ne, sai daga baya masu girki suka gane yana kashe ƙarnin kifi, yana kuma sa romo ya yi sheƙi. Sukari yana da tsada a wancan zamani, don haka zaƙin romon farko daga mirin ya fi fitowa.

Ƙaura ce ta sauya girkin. Ma'aikatan Japan sun fara isa gonakin rake na Hawai a 1868, suka kuma yi yawa daga 1885. A can aka ƙara wa romon citta da tafarnuwa da jan sukari, wani lokaci har da ruwan abarba, aka kuma fara jiƙa nama a ciki kafin gashi. Wannan sigar mai kauri da zaƙi ita ce akasarin duniya ta sani a yau, ko da yake ta yi nisa da ta asali. Kamfanin Kikkoman, wanda ya samo tushe daga haɗakar iyalan masu shoyu a Noda a 1917, ya fitar da romon teriyaki na kwalba a Amurka a 1961, ya kuma buɗe masana'anta a jihar Wisconsin a 1973. A birnin Seattle, Toshi Kasahara ya buɗe shagonsa a 1976, daga nan shagunan teriyaki suka bazu har abincin ya zama tambarin garin.

Shi kansa salmon, ɗaya daga cikin kifayen da ake yi wa wannan gashi, tsohon abinci ne a arewacin Japan, musamman Hokkaido da garin Murakami na lardin Niigata, sai dai an fi adana shi da gishiri. Yawancin wanda ake sayarwa a kasuwannin duniya yanzu na kiwo ne, daga Norway da Chile.

Yadda ake yi

A gidaje kasko ya maye gurbin garwashi. Ana tsane yankan kifin, a ɗora shi ta ɓangaren fata na minti 3 zuwa 4, a juya, a goge man da ya fito, sannan a zuba romon. Ma'aunin da aka saba shi ne cokali biyu-biyu na shoyu da sake da mirin, da cokali ɗaya na sukari. Romon yakan zo a ƙarshe domin sukari na saurin ƙonewa. Hukumomin abinci na Amurka na ba da shawarar zafin cikin kifin ya kai digiri 63 a ma'aunin Celsius. Duka aikin bai cika wuce minti 20 ba, shi ya sa ma'aikata ke son sa a daren ranakun aiki.

Kayan lambu

Ana haɗa shi da farar shinkafa, da karas, tattasai, koren wake ko albasa mai lawashi.

Batun halal

Saboda barasar da ke cikin mirin da sake, Musulmi da dama kan musanya su da zuma ko ruwan tuffa. Malamai sun saɓa kan ɗan abin da tsimuwa ke bari a cikin shoyu, kuma akwai nau'o'in da ke ɗauke da shaidar halal.